Sikelin Kawu da keken ƙanena

Shekarar da ƙanena ya bar aiki a Maraɗi ya dawo Tasawa, ya zo da wani keke da ba ya zuwa ko'ina. Ya cire ƙafar baya, ya ɗaura shi kan wani ƙarfe a zaure, ya jingina wayarsa a gabansa. Sai ya hau ya yi ta tuƙi, zufa na zuba, yana nan inda yake. Cikin wayar kuma hoton wani ɗan mutum ne a kan keke, a madadinsa, ke hawan duwatsu tare da wasu, wai su ma mutane ne na gaske, kowa a zauren gidansu, wani a Faransa wani a Kenya.

Ni dai ban gane ba. Na ce masa in ƙarfi ya yi masa yawa, ga rijiya can tana jiran mai ja.

Ya yi mini bayani cewa ƙarfen nan na'ura ce da ke auna ƙarfin ƙafarsa, shi kuma ya rubuta mata nauyin jikinsa. Wanda ya fi sauƙin nauyi ya fi saurin hawan dutse. Na tambaye shi inda ya auna kansa, don gidanmu babu ma'auni sai tiya. Ya ce wajen Kawu.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne, shi ya riƙe mu bayan rasuwar Baba. Yana sayen gyaɗa da riɗi a kasuwar Maijirgi, yana da babban sikeli na ƙarfe da ake ɗora buhu. A gindin sikelin nan muka girma. Duk yaron gidan da ke son sanin nauyinsa nan yake hawa, ba mu taɓa sanin wani ba.

Ƙanena ya yi ta cin tsere har ya kai zagayen ƙarshe na wata gasa. Sai masu gasar suka ce kowa ya ɗauki bidiyo yana kan ma'auni. Ranar ba kasuwa, don haka ya tafi gidan likita ya hau nasu. Ya dawo fuska ba annuri. Ma'aunin likita ya ce ya fi abin da ya rubuta da nauyin gero tiya biyu.

Suka dakatar da shi, suka sa sunansa cikin masu maguɗi, inda duk abokan tserensa za su gani. Na ga namiji mai gemu ya kasa cin tuwo.

Na ce, "Wai mi ka sata? Keken na nan, dutsen ba dutse ba ne."

Ya ce, "Yaya, sunana ne."

Hanya ɗaya suka ba shi. In kuskure ne, ya nuna musu ma'aunin farko a bidiyo, su ga da idonsu cewa ma'aunin ne ke rage nauyi, sai su wanke shi. Ranar kasuwa na bi shi Maijirgi, har ina murna, don a ganina magana ta ƙare. Sai da muka sauka na ga amalanken jakuna jere, manoma na sauke buhuna gaban Kawu, sannan wani tunani ya faɗo mini. Sikelin da ya rage wa ƙanena tiya biyu, me yake yi wa buhun gyaɗa?

Kawu ya tarbe mu da fara'a, ya aika a kawo mana fura.

Ya ce, "Ɗan tsere, zo ka hau mu gani ko keken ya cinye ka."

Ƙanena ya hau. Kawu ya gyara ƙarfen awon, ya faɗi nauyin, daidai da na farko. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka rame hwa. Ku riƙa ba shi abinci." Na ƙura wa Kawu ido ina neman wata alama. Ban ga komai ba sai furfura da murmushin da na sani tun ina yarinya. Ko ya sani, ko sikelin ne ya tsufa tare da shi, wallahi har yau ban sani ba, kuma ban iya tambaya ba.

Wayar tana aljihun ƙanena, na ga hannunsa a kanta. Wata tsohuwa na tsaye bayansa da ɗan buhunta tana jiran ya sauka. Ya dube ta, ya dubi Kawu, ya zare hannunsa ba komai a ciki. Ya sauka, shi da kansa ya ɗora mata buhun.

Muka hau mota muka kama hanyar Tasawa. Na ce to me zai faɗa wa mutanen gasar.

Ya ce, "In ce masu ni na rage."

"Amma ba kai ba ne."

"Yaya, naman jikin da sunka ce na ɓoye, da wane sikeli anka ciyar da shi?"

Ni ma da shi aka ciyar da ni.