Wayar Wani A Hannunta

Mai gyaran waya bai yarda da tsayuwar matar nan ba. Ta daɗe a gefen teburinsa, jaka matse a hammata, tana waiwaye duk sanda wani ya gifta. Wayar da take miƙo masa mai tsada ce, takalminta kuwa ya sha ɗinki. Sai da ta duba wata 'yar takarda kafin ta iya saka lambar sirri ta buɗe wayar.

"Kullum tana neman a sabunta ta, in na danna sai ta ƙi," in ji matar.

Yana dubawa ya ga an taɓa cikin wayar, an sauya mata manhaja. Wannan aikin gwani ne, ba nata ba. Tsintuwa ce, ko daga aljihun wani ta fito?

"Mama, sai na mayar da ita yadda kamfani ya yi ta kafin ta karɓa. Komai zai goge."

Yana jira ya ga ta saki fuska, don abin da masu kawo kayan sata ke so ke nan. Sai ta fizge wayar ta manna a ƙirji.

"Har da muryar ɗana da ke ciki? Wayarsa ce fa."