Na Uku Bai Zo Ba

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatun Garki a shekarun da mulki ya dawo hannun farar hula ya san Baba Maiturare, ko da bai san sunansa na yanka ba. Dogo ne siriri, da ɗan akwatin gilashi rataye a kafaɗa cike da ƙananan kwalabe. Yana bin ofis-ofis yana goga wa mutane turare a bayan hannu, ka saya ko kada ka saya. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ya zo, ya kama ɗaki a Mpape, can kan tudu, inda haya take da sauƙi amma ƙurar masu fasa dutse ba ta barin farin kaya ya kwana fari. Ni Hajiya yake ce mini, alhali a lokacin ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba. A Abuja duk macen da ta rataya katin aiki a wuya ta zama Hajiya.

Lokacin kuɗi ya shigo gari. Ko'ina gini ake, otal-otal da shaguna masu gilashi, kowa da waya biyu a hannu, manyan motoci sun cika titi. Amma ka ce kana neman inda za ka tsaya ka duba littafi, sai a yi maka kallon wanda bai da aikin yi. Abin yana ba ni haushi har gobe. Mu 'yan tsirarun da wannan ciwo ya kama, ba mu da wurin zuwa sai teburan masu jarida da wuraren masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Ni wurin Madam Justina nake zuwa idan an tashi hutun azahar. Tana shimfiɗa kayanta ƙarƙashin wata dalbejiya a bayan tashar Area 1, kusa da teburin Kure mai jarida, inda maza suke tsayawa su karanta kanun labarai kyauta su yi ta musun siyasa. Littattafanta a buhu take samo su, daga gidajen ma'aikatan da suka yi ritaya ko aka yi wa canjin gari. Yawanci na Turanci ne. Na Hausa sai jifa-jifa, kuma ba ta iya karanta su.

A nan na fara ganin Baba ba a bakin sana'arsa ba. Ya ajiye akwatinsa, ya tsuguna, yana ɗaga littattafai ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Da ya gama sai ya zaro wani siririn littafi daga aljihun gaba ya nuna wa Justina bangonsa: zanen wata tsohuwa ce tsaye a bakin ƙofa, ta kare ido da hannu.

"Baba, na gani, na gani," in ji ta, da irin Hausarta ta kasuwa. "Book naka bai zo ba. Number three bai zo ba. Ka zo next week."

"To, Madam. Allah ya kai mu."

Na ce, "Baba, ashe kai ma namu ne?"

Ya ɗan ji kunya, ya mai da littafin aljihu. "Ba nawa ba ne, Hajiya. Na mai ɗakina ne."

Sunanta Turai. Ba ta yi boko ba, shi ma a ajin manya ya koya a ƙauye, yana karatu a hankali yana bin layi da yatsa. Wata rana Justina za ta sayar wa masu ƙosai tarkacen takardu, ya tsinci littafi na ɗaya da na biyu a ciki, ta bar masa. Ya riƙa karanta wa Turai duk Lahadi bayan la'asar. Labarin wata tsohuwa ne, Inna Muhibba, wadda ɗanta ya bi babbar mota zuwa Kudu neman kuɗi, shiru bai dawo ba. A ƙarshen na biyu tana shara a tsakar gida sai ta ji muryar namiji yana sallama a ƙofa. Ta saki tsintsiya. Daga nan sai marubucin ya ce a nemi ci gaba a littafi na uku, kamar yadda masu irin waɗannan littattafai suka saba.

Na karɓa na leƙa a tsaye. Gaskiya ba wani littafi ba ne. Kurakuran bugu sun yi masa yawa, takardar kuma ta yi ja. Sunansa ko na faɗa ba wanda zai gane shi. Na ce a raina, abin da ya fi wannan sau goma yana nan jibge a ɗakina.

Don haka wata Asabar na cika jaka da nawa na hau Mpape. Mota ta sauke ni a ƙasa, sauran na taka da ƙafa ta wata siririyar hanya, ina haki ina zagin takalmina. Na tarar da Turai zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, 'yar ƙaramar mace mai yawan tari. Ƙofar ɗakin a buɗe take, an tokare ta da dutse, duk da ƙurar da ke shigowa. Ta yi mini maraba, ta ba ni ruwa, ta shafa bangon littattafan da na kawo ɗaya-ɗaya, sannan ta tura mini jakar.

"Allah ya saka da alheri, 'yar nan. Amma ki koma da kayanki. Ni ba labari nake so ba. So nake in ji wa ya yi sallama."

Sai da Baba ya rako ni muna gangarowa ya gaya mini sauran. Ɗa ɗaya ne ya rayu a cikin waɗanda suka haifa, Lukman. Ya fara da bin tifa mai ɗaukar dutse, daga baya ya bi wata tirela zuwa Fatakwal, ya ce zai dawo da sallah. Ya kira sau biyu ko uku ta wayar maƙwabci, daga nan lambar ta daina shiga. Baba ya bi tashoshi, ya tambayi direbobi, har Fatakwal ɗin ya je ya dawo hannu biyu. Tun daga nan Turai ba ta ƙara kama sunan yaron ba. Ba ta kuka a gaban mutane, ba ta cewa a je a nemo shi. Abin da kawai take cewa idan mijinta ya dawo da yamma shi ne, "Malam, na ukun fa?"

Tausayinsu ya kama ni. Na ce Allah ya bayyana shi, ya ce amin.

Daga nan na lura Baba ya sauya hanyar tallansa. A da ofisoshi yake bi, yanzu ya koma bin inda ake baza littattafai. Gefen kasuwar Wuse, tashar Utako, Nyanya, Mararaba, duk inda aka ce masa akwai mai tsofaffin takardu sai ya je ya tsuguna. Ranar Juma'a yakan zagaya masu shimfiɗa a ƙofar masallatai. Wani mai littattafan addini ya taɓa yi masa wa'azi a gaban jama'a, wai tsoho da furfura yana neman littafin matan aure. Baba bai ce masa komai ba, ya goga masa turare ya wuce. Da ni ce da sai an raba mu.

Ni ma na yi nawa. Na aika wa ƙanwata Hadijatu da ke Kano hoton bangon, ta zagaya masu littattafai a kasuwa. Wani ya ce mai bugawar ya rufe shago tuntuni. Wani ya ce ya taɓa ganin na ukun. Wani kuma ya rantse ba a taɓa buga shi ba, marubucin ya gaji ya bari. Na gaya wa Baba maganganu biyun farko, ta ƙarshen ban iya ba.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Waya ta ɗauke masu karatu, masu jarida suka fara haɗawa da sayar da katin waya, masu kama 'yan talla kuma suka matsa, yau a kore su nan gobe a kore su can. Shimfiɗar Justina ta ragu zuwa rabi. Amma duk mako Baba yana zuwa, ita kuma ta haddace zanen tsohuwar nan kamar hoton uwarta. Duk buhun da ya iso sai ta zazzage shi ta duba kafin ta sa wa komai farashi.

Sai mai gidan da su Baba suke haya ya sayar da filin ga wani da zai gina benaye. Kowa ya kwashe, Turai ta ce ba inda za ta. Ba ta faɗi dalili ba, kuma ba wanda ya tambaye ta, don duk unguwar an san wannan ƙofar kaɗai Lukman ya sani. Sai da aka fara cire kwanon rufi, tarin kuma ya kwantar da ita, sannan aka sa ta a mota zuwa Uke, kan hanyar Keffi, inda wani ɗan'uwanta yake da ɗaki. Baba ya bi ta can, daga nan muka daina ganinsa, har damina ta shiga ta fita.

Ranar da ya dawo na same shi tsugune a wurin Justina, ya rame, akwatin ya yi masa nauyi. Na gaishe shi, na tambayi mai jiki.

"Turai ta riga mu gidan gaskiya, Hajiya. An yi arba'in."

Na yi masa ta'aziyya. Justina ta zauna a kan buhu tana share ido da bakin zane. Can sai na ga ya zaro littafin nan daga aljihu, ya ci gaba da ɗaga na ƙasa yana dubawa. Na kasa haƙuri.

"Baba, yanzu kuma wa za a karanta wa?"

Ya mai da wanda yake dubawa ƙasa. Sannan ya ce, "Ranar da jikin ya yi tsanani ta sake tambayata. Na ga ba za ta kai ba. Sai na ce mata na haɗu da wani direba a tasha wanda ya karanta, ya ce yaron ne ya yi sallama. Ta ce, 'Malam, da gaske?' Na ce, 'Shi ne, Turai.' Ta yi murmushi, ta ce a ba ta ruwa." Ya juya littafin a hannunsa. "Ba wani direba, Hajiya. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi mata ƙarya ba, sai a maganar ƙarshe. So nake in san ko abin da na gaya mata haka yake."

Na so in ce masa Allah ba zai kama shi da wannan ba. Amma ya fi ni sanin haka, kuma ba abin da yake tambaya ke nan ba.

An kusa shekara bayan haka, ina ofis, wayata ta yi ƙara. Justina ce. "Madam, ya zo. Mama na ƙofa ya zo. Number three." Daga gidan wata ma'aikaciyar jinya da aka mayar Kaduna buhun ya fito. Ta naɗe littafin a leda ta sa a jakar hannunta, ta ƙi baza shi, har ranar da Baba ya saba zuwa. Ni ma ranar na bar aiki na je na jira.

Da ta miƙa masa, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya haɗa shi da na biyun da ke aljihunsa ya dubi zanen, iri ɗaya ne. Ya buɗe, ya sa yatsa a layin farko. Ya miƙo mini.

"Karanta mini, Hajiya. Idon ba ya gani sosai yau."

Na karɓa. Kafin in buɗe baki na riga na yanke cewa duk abin da ke ciki shi zan karanta, don mutumin nan gaskiya ya zo nema. A gefe masu karatun kyauta suna ta musu a kan wanda zai ci zaɓe. Na fara. Inna Muhibba ta nufi ƙofa, ta ce wane ne. Aka ce, "Ni ne, Inna." Ɗanta ne, da jaka a kafaɗa, ya yi baƙi ya rame. Tun a shafin farko, ban ma kai ƙasansa ba.

"Sake karantawa," in ji Baba.

Na sake. Ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi, a hankali, ya maimaita. Hawaye suka bi gemunsa, bai share ba.

"Ashe shafi ɗaya ne tsakaninta da shi," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Na littafi dai ya dawo."

Na tambaye shi ko in ci gaba, ya ce a'a, sauran ba nasu ba ne. Ya sa hannu a aljihu zai biya, Justina ta harare shi har ya fasa. Sai ya buɗe akwatinsa ya zaɓi kwalba mafi kyau ya ajiye mata a kan buhu, ni kuma ya goga mini a bayan hannu kamar kullum. Ya haɗa na biyu da na uku ya sa a aljihun gaba, ya rataya akwatin.

Na ce, "Baba, bari in raka ka ka hau motar Uke."

"A'a, Hajiya, sai na fara hawa Mpape. Masu benen sun sa sabon maigadi, bai san ni ba tukuna. Gara in je in gaya masa, in wani ya zo ya yi sallama, ya san inda zai tura shi."