Jan Bik ɗin da Bai Taɓa Shafina Ba

Jiya Rabi, abokiyar aikina, ta buɗe tsohon kayenta, wato littafin rubutunta, na hango rubutun jan bik ɗin shugabanmu, wanda muke kira Baba, a gefen shafi. Shekara guda ke nan da rasuwarsa.

Shi ya rubuta littafin da ke bayanin yadda ake aiki da rumbunmu na na'ura, inda muke adana sunayen manoman Jiratawa da gonakinsu. Yakan ce, "Abin da ba a rubuta ba, da mai shi ake binne shi."

Wata rana ni da Rabi muka kai masa gyaran babin ajiye kwafi, yana kurɓar shayi mai ƙamshin na'ana'a. Nawa ya duba sama-sama, ya ce, "Ya yi, ɗana." Na Rabi kuwa ya yi masa jina-jina da ja, har ta yi hawaye. Na fito ina taƙama.

Yau in rumbun ya ƙi buɗewa, ko daga garin Tsibiri ita ake nema. Ni shafukana fes, ko ɗigo babu. Wallahi har gobe ina ƙyashinta.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Na yafe maka wannan "ya yi" ɗin, amma da ƙyar.