Kirin da Ya Kai Mu Gida

Washegarin ruwan farko na daminar 1974, da hantsi, motar Kawu Bawa ta tsaya cak a kan hanyar Isa zuwa Sabon Birni, kaɗan kafin Gatawa, tururi na fita daga hancinta kamar tukunyar dambu. Ina aji huɗu, ina zaune a kan buhun irin gero, domin motar kujeru biyu gare ta, buhun kuma ya fi ni daraja. Fari ya sa gidanmu an cinye iri tun da rani, mu yara har ramin tururuwa mun tona muna neman tsaba. Wannan buhu surukan Kawu na Isa suka taimaka da shi, kuma idan bai shiga ƙasa ba kafin laima ta gudu, wa ya san ranar da wani hadarin zai taso.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon direban wani kamfanin gyaɗa. Da Baturen da yake tuƙawa zai koma gida, sai ya sayar masa da wannan ja-wur ɗin mota mara rufi, gajeriya har cikinta na shafar ciyawa, irin wadda aka ƙera don tsere a ƙasar da ba ta san yashi ba. Kakata tana kiranta "marowaciya", wai ba ta ɗaukar ko mai kai amarya. Mu kuwa 'yan makaranta faɗa muke a kan wanda zai goge fitilunta.

Da Kawu ya ɗaga bonet, sai ga fambel ya tsinke yana reto. Ya nuna mini yadda wannan siririyar roba ke juya fanka da famfon ruwa. In babu ita, injin zai dafa kansa. Bai yi ko tsaki ba. Ya cire babbar riga ya ninke, ya fito da sifana, ya sassauta notin dinamo, sai ka ce sabon bel na cikin aljihunsa. Ya gwada tsumma, ya zame. Ya gwada igiyar kaba, ta gutsure tun kafin injin ya gama tari.

Muna cikin haka wani dattijon Bafillace ya iso, sanda a kafaɗa, kiri naɗe a hannu, wato igiyar fata da ake kama sa da ita, babu ko maraƙi a bayansa. Ya daɗe yana kallonmu, sannan ya miƙa wa Kawu kirin.

"Amshi, direba. Mi za ni ɗaure da shi yanzu?"

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya tsage sili ɗaya, ya jiƙa shi da ruwan shanmu har ya yi laushi, ya zagaya shi inda bel ke bi, dattijon ya saƙa bakin biyu ba tare da ƙulli ba. Kawu ya ja dinamo ya ɗaure, ya juye ragowar ruwan a lagireto. Na ce ai fatar ta yi sako-sako. Kawu ya ce, "Bari rana ta yi nata aiki, ɗana." Zafi ya busar da ita, ta ɗame kamar fatar kalangu.

Kawu ya laluba aljihu, dattijon ya girgiza kai, ya nuna buhun da sandarsa. "In da hali, ɗan iri. Za ni gwada noma." Ya cire hularsa, Kawu ya cika masa ita.

Motar tsere ta shiga gari da tafiyar jaki mai ciki, amma kafin la'asar muna gona, manya na sara, mu muna zubawa muna takewa da diddige.

Yau babura ke bin hanyar nan a guje, kowa na waiwaye don tsoron 'yan bindiga, kuma wanda abin hawansa ya mutu ba ya fatan ganin baƙo ya ɓullo daga daji. Mu a lokacin babu abin da muke da shi, amma ba mu jin tsoron juna.