Kujerar Mama Tana Bayan Ƙofa

Kowace safiya, kafin ta wuce ofishin jin daɗin jama'a inda take aiki, takan tsaya a coci ta yi addu'a, sannan ta tambayi mai shara, "Wa ya rasu?" In aka ce magidanci ne, sai ta saɓa 'yar kujerarta ta katako ta nufi gidan. Shi ya sa muke ce mata Mama Kujera.

Kun san abin da take zuwa tsarewa, kada ku yi kamar ba ku sani ba. Miji zai mutu, kafin ƙasar kabarinsa ta bushe danginsa sun iso da motar kaya. Katifa, firji, har tukwane. Ofis bai aike ta ba, cewa aka yi ta zauna ta jira a kawo ƙara. Ita kuwa ta ce kafin gwauruwa ta share hawaye ta zo ƙara, ɗakinta ya zama wayam.

Na gani da idona ranar da mijin yayata ya rasu. Wansa, dattijo a cocinmu, mai karanta mana sanarwa ranar Lahadi, ya zo da samari biyu da motar kaya. Ya tarar da Mama a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafu.

"Mama, ki matsa. Maganar gida ce."

"Sannu da rashi, Baba. In kuka ka zo yi, zan matsa. In keken ɗinki ne, sai ka tsallake ni."

"Ina ruwanki? Ba dangin iya ba na baba!"

"A faranti ɗaya muke cin jibin Ubangiji a coci, ni da kai da ita. In wannan ba dangantaka ba ce, me muke zuwa yi a can?"

Ya zage ta tas. Ko gezau ba ta yi ba, har direba ya gaji ya ja motarsa. Da keken nan yayata ta ciyar da 'ya'yanta har suka girma.

Mu kuma da me muka saka mata? Muka ce ta cika shisshigi. Aka cire ta daga kwamitin mata don ta kunyata dattijo. Da gwiwoyinta suka ƙi, ta yi ritaya, sai ga mu da liyafa da kyautar agogon bango. Wa ya yi jawabi? Shi dai dattijon nan, yana kiranta uwar marayu, ko kunya babu. Raina ya ɓaci.

Da aka ba ta magana, ta ajiye kujerar a gabanmu ta ce, "'Ya'yana, gwiwoyina sun gama aiki. Ita kujerar ba ta gama ba." Muka yi tafi. Tafi fa! Ba wanda ya ɗauka. Mai shara ya jingine ta a bayan ƙofar coci tare da tsintsiya.

Mama, ke ce kika ɗauki wa'azin da muke gyangyaɗi a kai kika kai shi bakin ƙofa. Ke ce katangar da ba a tsallakewa. Kin sha zagi saboda matan da ko ruwa ba su iya ba ki ba. Na gode, yayata ta gode. Ki yafe mana agogon nan.

Jiya kafintan layinmu ya rasu, matarsa da goyo. Da safen nan an ga ƙannensa suna neman motar kaya. Na je na kakkaɓe kujerar na ɗauko. Ba ni da bakin Mama. Zan zauna duk da haka. Sai dai gidan ƙofa biyu gare shi, akwai ta baya.

Ku masu tafi, kowa yana da kujera a gidansa.