Dutsen da Na Kusa Jefawa a Kududdufi

Ku matso ku ji, 'ya'yan nan, wannan ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Shekarun baya, lokacin da soja suka koma bariki, ɗana ya ci kansila a unguwarmu, nan Ƙofar Na'isa. Kowa ya yi ta ja mini kunne a kan maƙiya. Wata safiya ina shara a ɗakin jikata mai karatun jami'a, sai na ga wani dutse a ƙarƙashin gado, an naɗe shi da auduga, ga 'yan ƙasusuwa manne a jikinsa kamar na ƙadangare. Na ce an yi wa ɗana asiri.

Na ƙulle shi a tsumma na nufi kududdufi. Allah da ikonsa, sai na tuna ba a jefar da irin wannan sai an yi tofi, na biya wurin Malam, maƙwabcinmu. Ya jujjuya shi, ya ce, "Hajiya, yaushe bokaye suka fara liƙa wa aikinsu lamba da rubutun boko? Bar shi a nan tukuna."

Da azahar na tarar da jikata tana birkice ɗaki tana kuka. Ashe ƙasusuwan wata halitta ce ta zamanin da da suka zama dutse, malaminta ne ya ba ta aro, daga ƙasar waje ya zo da shi, shi kaɗai ne gare su. In ya ɓata, aikinta na kammala karatu ya rushe.

Muka je muka karɓo, ko ƙwarzane babu. Ta nuna mini da tsinke. "Inna, kin ga ƙashin idon sawun nan? Shi zai faɗa mana ko dangin kada ne, ko dangin manyan halittun da suka shuɗe, dainoso."

Na ce, "Ashe asali kike binciko masa, kamar za a ba shi aure."

Tun ranar, in na ga abin da ban sani ba, tambaya nake yi kafin in yanke masa hukunci.

Malam ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ɗana ya faɗi zaɓe na gaba, ya koma kasuwar Kwari sayar da yadi. Jikata yanzu ita ke koyar da wasu. Shi kuwa mai ƙasusuwan, ta ce masana sun sake sauya masa dangi. Na ce su yi ta sauyawa, tunda dai yana tudu.