Gidan da Ba Shi da Zaure

"Baba, ina za ka kuma?" na tambaye shi. Karo na uku ke nan ina tarar da shi a bakin ƙofar fita.

A shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya kawo mu London karatun nas. Ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Whitechapel. Baba Audu, ɗaya daga cikin tsofaffin gidan, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Ɗakinsa na hawa na uku, tagarsa bango take kallo. Shugabarmu ta ce in ya sake saukowa za a mai da shi ɓangaren da ake kullewa, wai ya rikice, gudu yake son yi.

Ya ce, "'Yata, gudu zuwa ina? Gidan nan ne ba shi da zaure. Namiji ya wuni a ɗaka kamar mai jego? So nake in zauna a ƙofar gida, mai wucewa ya gaishe ni in amsa."

Na je na yi wa shugabar bayani. Da ƙyar ta yarda aka ajiye masa kujera a gefen ƙofar. Bai ƙara taɓa mariƙinta ba.

Yanzu ni ma na tsufa a London. Yau ɗana ya yi booking, an ba mu lokaci, gobe za mu duba mini irin wannan gida a Stratford. Na kasa cin abinci. In na sauko bakin ƙofa, wa zai gane ba gudu zan yi ba?

Ku da iyayenku ke irin waɗannan gidaje, ina suke zama da rana?